Me ke hannun malami idan ɗalibai suka fara janye jiki daga karatu?

Sabon Lakcara:
Assalamu alaikum, malamai da magabatanmu a wannan aiki. Ina koyar da ɗaliban shekarar farko a jami'a. A makon farko ɗakin lacca kan cika har wasu su tsaya a bakin ƙofa, amma kafin tsakiyar zango sai kujerun baya su zama fayau, waɗanda suka zo ma da yawansu hankalinsu na kan waya. Wasu sukan sake ɓullowa ranar jarrabawa, wasu kuwa sai dai a ji sun bar karatun gaba ɗaya. Ban da kiran suna da barazanar rage maki, me malami zai iya yi?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina, a fara da duba abin da ɗalibi yake yi a tsawon awa biyun da yake zaune a gabanka. Idan aikinsa kwafar rubutu ne kawai, to ya san zai iya aron littafin abokinsa ya kwafa a ɗaki, don haka zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya ne a wurinsa.

A shekarar 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi, suka gano cewa kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai sukan faɗi a azuzuwan da malami ke magana shi kaɗai, yayin da adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22 a inda ake sa su aiki da tunaninsu a cikin aji. Hanyar da na fi amfani da ita ita ce wadda Eric Mazur ya fara a Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1990: bayan ɗan taƙaitaccen bayani, sai ka jefa tambayar da ke buƙatar fahimta, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, daga nan a sake zaɓe. Ajin zai kaure da hayaniya, kuma malamin da ya saba da shiru zai ji kamar abin ya kuɓuce masa, amma a nan ne za ka ga yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki ba tana zana hujjarta a bayan littafi.

Tsohon Malami:
Na yarda da Malama, sai dai kyautata lacca kaɗai ba ya riƙe wanda yake jin ba kowa ya san da zamansa. Tun 1975 masanin harkar ilimi Vincent Tinto ya yi bayanin cewa ɗalibi kan bar jami'a ne idan bai samu gindin zama ba, a karatu da kuma a cikin jama'ar makarantar. Shawarata ita ce ka yi ƙaramin gwaji kafin mako na huɗu, ka mayar da takardun da wuri, domin wanda ya ga rauninsa tun da sauran lokaci zai iya gyarawa, alhali wanda bai gani ba sai ranar da aka liƙa sakamako ya riga ya makara. Wanda ya yi fashi sau biyu a jere kuma, ka aika masa saƙo gajere da sunansa, ka tambayi lafiya, ka gaya masa shafin da aka tsaya. Kada saƙon ya zama tuhuma, domin sau da yawa kunyar dawowa ce take mayar da fashin mako guda na zango guda.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Ranka ya daɗe, ina ganin muna neman ɗora wa malami abin da ya fi ƙarfinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suke zuwa ofishina laccar ba ta gundure su ba. Kuɗin rajista ne ya gagara, ko aikin da suke ciyar da kansu da shi ya ci karo da jadawali, ko rashin lafiya ta shigo gida. Jami'ar Jihar Jojiya a Amurka ta kafa tsari a 2012 da ke bibiyar alamomi fiye da 800 na cewa ɗalibi ya fara tangal-tangal, ta kuma ƙara ɗaukar masu ba da shawara da za su kira shi cikin gaggawa. Wannan aikin hukumar makaranta ne. Abin da ya rataya a wuyan malami shi ne ya lura da wuri, ya kuma san ofishin da zai tura ɗalibin.

Sabon Lakcara:
Na gode ƙwarai. To amma ajin da ya kai ɗaruruwa, ta yaya mutum ɗaya zai duba gwaji ya kuma san waɗanda suka ɓace?

Tsohon Malami:
Tambayoyi biyar na zaɓi sun isa, kuma ɗalibai za su iya musayar takardu su duba wa juna nan take, ka karɓa a bakin ƙofa. Takardun da ba su zo hannunka ba su ne jerin sunayen da za ka fara nema.