Akwai masu sayen kayan kabon faiba na mota a Kano kuwa?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina da shago a Kofar Ruwa inda nake sayar da fitilu, madubai da bamba na Mercedes da BMW, kuma na daɗe ina sayo kaya daga Guangzhou ta hannun wani wakili. A 'yan watannin nan wakilin ya dame ni da hotunan kayan kabon faiba, wato wannan baƙin abu mai saƙa kamar tabarma da ake yin bonet, murfin madubi, leɓen bamba da fiffiken bayan but da shi, yana cewa samari masu son mota suna rububinsu a Legas da Abuja. Na nuna wa abokan cinikina hotunan, kowa ya ce idan na kawo shi ne na farko, amma na daɗe a kasuwa, na san yabon kaya daban, ciniki daban. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga dala ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma ba na son in zuba jarina a kayan da za su shekara suna shan ƙura. Ta yaya zan gane ko akwai masu saye na gaske a garin nan, kuma da wane irin kaya ya kamata in fara?

Injiniya Ɗan Bompai:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka auna masu saye, ya kamata ka san abin da za ka sayar musu, domin sunan ɗaya ne amma kayan iri-iri ne. Asalin amfanin kabon faiba shi ne rashin nauyi tare da ƙarfi: inda ƙarfe yake da nauyin giram 7.8 a kowane santimita kubik, alminiyom 2.7, shi kabon ɗin da aka haɗa da ƙaro bai wuce kimanin 1.6 ba. Shi ya sa kamfanin McLaren ya ƙera gangar jikin motar tserensa MP4/1 da shi a 1981, BMW kuma ya yi rufin M3 CSL da shi a 2003, don a rage nauyi daga sama motar ta ƙara zama a kwana.

Sai dai wannan lissafin na filin tsere ne. Yawancin motocin da abokan cinikinka suke hawa sun kai tan ɗaya da rabi, wasunsu ma, kamar BMW E60 da Mercedes W205, da bonet na alminiyom suka fito daga kamfani, saboda haka 'yan kilon da za a rage ba abin da direba zai ji ba ne a cunkoson titin Murtala Mohammed. Wanda zai saya a Kano don ado zai saya, ko da bakinsa ya ce don gudu ne.

Dangane da inganci, mafi tsada shi ne wanda aka gasa a tanderu mai matsin iska bayan an riga an jiƙa saƙar da ƙaro daidai gwargwado. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na biye da shi ana shafa ƙaron da hannu ne a kan saƙar, ya fi nauyi, ya fi araha. Na ukun, wanda ina kyautata zaton shi wakilinka yake nuna maka, jikinsa na zaren gilashi ne, aka shimfiɗa kabon falle ɗaya a sama don ido. Ka ce ya ɗauko maka hoton bayan kayan, ba fuskar kaɗai ba, ya kuma ɗora a sikeli ka ga nauyin.

Mai Fenti Sabon Gari:

Injiniya ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ƙara da abin da yake zuwa garejina. Babban abokin gabar kayan nan a garinmu rana ce. Ƙaron da yake riƙe saƙar ba ya jure hasken rana sai an yi masa rufi mai kyau na fenti marar launi, kuma masu arahar rufinsu siriri ne. Motar da take yini a waje a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, sai ka ga baƙin ya fara komawa ruwan ɗorawa, daga baya rufin ya riƙa ɓarewa kamar fatar albasa. Idan hunturu ya zo, yaran wankin mota suka goge ƙura da busasshen tsumma, ƙyallin ya tafi.

Na biyu, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Bonet na ƙarfe idan adaidaita sahu ya goge shi, a buga shi a shafa masa fenti, gobe mai shi ya ɗauki motarsa. Wannan kuwa ba ya jin guduma, kuma ko an like tsagar, saƙar ba za ta sake haɗuwa yadda ido ba zai gani ba. Bara wani yaro ya kawo mini Mercedes C300 da leɓen bamba da ya yi oda da kansa. Mun yini muna fama kafin ramukan noti su yi daidai, sai da muka huda sababbi, kuma ko sati biyu bai yi ba ya dawo da shi a kujerar baya gida biyu, wai ya hau tudun rage gudu da dare bai gani ba. Idan kuma bonet za ka kawo, ka tabbata makullinsa yana da ƙarfe a ciki, ko a ƙara masa maƙalai daga waje, domin bonet marar nauyi da ya buɗe a hanyar Zariya ba abin wasa ba ne.

Maman Ilham:

Ni ba mota nake sayarwa ba, kayan ɗaki nake kawowa daga Sin, amma matsalar ɗaya ce, Alhaji. Ma'aunin da na yarda da shi shi ne kafin alƙalami. Ka zaɓi kaya uku ko huɗu, ka rubuta farashin kowanne har zuwa shagonka, ka sa a WhatsApp da Instagram, ka ce duk mai so ya ajiye rabin kuɗi a yi masa oda. Cikin masu cewa su ne na farko, waɗanda suka turo kuɗi su ne kasuwarka, sauran 'yan kallo ne. Ka kuma ƙayyade ranar rufe karɓa, ka lissafa yadda kayan za su iso kafin Sallah, domin lokacin ne samari suke kashe wa mota kuɗi.

Akwai kuma abin da wakilai ba sa faɗa sai kaya sun isa wurin awo. Jirgin sama yana cajin ko dai nauyi ko girman kwali, duk wanda ya fi yawa, kuma a lissafin da aka saba kowane santimita kubik 6,000 kilo ɗaya ne. Kwalin bonet mai tsawon santimita 160, faɗin 150, kaurin 25, za a caje ka kuɗin kilo 100 ne, komai rashin nauyin abin da yake ciki. Idan ka biyo ta ruwa, sai ka jira makonni kafin ya iso Apapa, sannan ya hau babbar mota zuwa Kano, kuma abu ne mai tsagewa. Murfin madubi kuwa, da yawa za su shige kwali ɗaya.

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lissafin Hajiya ya sa na ajiye maganar bonet gaba ɗaya, sai dai wanda ya biya kuɗinsa cif. Zan fara da murfin madubi da ƙaramin fiffiken but na Mercedes W204 da BMW E90, tunda su ne suka fi yawa a hannun masu zuwa wurina, kuma ba sa kusa da ƙasa balle tudu ya cinye su. Na riga na gaya wa wakilin ya raba mini na kafin 2011 da na bayanta, saboda a shekarar aka sauya fuskar W204, ba na son kaya su iso a ce ba su hau ba. Mai Fenti, idan samfurin ya iso zan aiko maka da shi. Shin za ka iya ƙara masa rufin da zai jure rana kafin in sayar, kuma nawa kake ganin aikin zai ci a kan madubi biyu?