Ɗaukar hoton namun daji da sassafe a Yankari: hazo ne ko kyamarata ce?

Mai Kyamara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina ɗaukar hotunan biki ne a Bauchi, amma zuciyata tana wurin namun daji. A watan Janairu na kwana a sansanin Wikki da ke cikin dajin Yankari, na bi motar zagaye ta safe da gilashi mai jawo nesa na 300mm. Mun ga gwanki, mun ga garken ɓauna kusa da kogin Gaji, sai dai hotunan duk sun fito fari-fari, babu wannan jan hasken na fitowar rana da nake nema, wasu kuma sun girgiza. Zan sake komawa, kuma ina son in dawo da hoton giwa da zan rataye a shagona. Me kuke ba ni shawara?

Ɗan Gaji: Wa alaikumus salam. Malam, kyamararka lafiyarta lau, hunturu ne. A Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe bakwai saura kwata, amma hazo yana tare ta, kafin ta keto shi ta riga ta yi sama, jan hasken ya wuce. Ka jira ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Lokacin hazo ya fara ja baya, ciyawa ta bushe, ruwan daji ya ƙafe, dole dabbobi su gangaro Gaji su sha. Zafi kam za ka sha shi, amma giwaye a nan ake fi samunsu. Ka yi magana da jagora tun da dare a kan ku fita da wuri, domin sa'a ta farko ce take da amfani.

Hajiya Mai Tsuntsaye: Ƙanena, maganar girgiza zan taɓa. Da safe haske kaɗan ne, kyamara sai ta rage saurin ɗauka da kanta. Da gilashi irin naka kada saurin ɗauka ya sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa, tsuntsu mai tashi kuwa sai 1/2000. Buɗe gilashin iyakarsa, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama hasken kyamara, zuwa 1600 ba tare da fargaba ba. Ɗan yashi-yashi a hoto ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi. Ni ƙaramar jaka nake cikawa da wake, in ɗora a bakin tagar mota, in kwantar da gilashin a kai. Kuma ka roƙi direba ya kashe inji. Ido za ka saita, ba ƙaho ba.

Amma ban yarda a guje wa hazo ɗungurungum ba. A dausayin Hadejia da Nguru, lokacin hunturun ne tsuntsayen Turai suke sauka, kuma idan ka fuskanci rana, hazon yana zana siffar tsuntsu baƙa a kan ruwa, abin gwanin kyau.

Mai Kyamara: Na gode Hajiya, na gode Malam. Maris zan nufa in sha Allahu. Ƙurar da ke shiga kyamara fa?

Ɗan Gaji: Kada ka canza gilashi a cikin mota, ka ɗaura wanda kake so tun a ɗaki, ka lulluɓe kyamarar da rawani tsakanin ɗauka da ɗauka. Kuma ka riƙe jakarka da kyau a Wikki, birrai suna wawushe duk abin da aka ajiye.