Neman taimako kan babin yaƙin Edington

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina fama da babi guda a ƙagaggen labarin da nake rubutawa kan yaƙin Edington na shekarar 878, inda Sarki Alfred na Wessex, wata masarauta a kudancin Ingila, ya fito daga maɓoyarsa a fadamar Athelney ya karya rundunar Guthrum, jagoran Vikin, wato mahara daga arewacin Turai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mutanen nan ko da sun hau doki zuwa fagen fama, sukan sauka su jeru kafaɗa da kafaɗa, garkuwar katakon kowa tana haɗe da ta maƙwabcinsa kamar katanga, mashin kowa yana leƙowa ta tsakani. Ni kuwa kalmomin yaƙin da na tashi da su na dawakai ne: barde, lifidi, sukuwa. Da zarar na rubuta "barde" sai in hango mahayi, alhali jarumina manomi ne da aka kira yaƙi, yana tsaye cikin taɓo, numfashin abokin gaba yana dukan fuskarsa.

Don Allah, masana Hausa, shin "dakare" ta isa ta ɗauki wannan mutum, kuma wace kalma ce za ta dace da wannan jeri na garkuwoyi ba tare da na yi aro ba?