Neman shawara: makro zai sa a rufe min akawun a World of Warcraft?

Assalamu alaikum 'yan gida. Daga Bolari nake, nan cikin Gombe. Wata huɗu ke nan ina buga wasan intanet na World of Warcraft a laftof, ni ne mai warkar da 'yan tawaga. Matsalata nauyin hannu: kafin in danna sunan wanda jininsa ya yi ƙasa, in dawo in lalubo maɓallin magani, har ya faɗi. Daren Asabar sau uku dodo ɗaya yana gamawa da mu, kowa ya san daga ina ɓarakar take, kara kawai suka yi min. Abin ya tsaya min a rai. Wani ya ce in koyi makro, wato ɗan rubutaccen umarni da ake ɗorawa kan maɓalli ɗaya, wani ya ce kul, rufe akawun ake yi. Kuɗin wata-wata da gumina nake biya. Don Allah ku fitar da ni daga duhu.

Ɗan Jekadafari: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, abu biyu aka cakuɗa maka. Makron cikin wasa kamfanin Blizzard ne da kansa ya saka shi. Rubuta /macro a wurin hira, taga za ta buɗe, ka rubuta umarninka, iyakarsa harafi 255, sai ka jawo shi kan maɓalli. Wanda kake buƙata shi ne na mouseover: ka ɗora kibiyar maus kan sunan mutum, ka danna maɓalli ɗaya, magani ya tafi gare shi ba sai ka zaɓe shi ba. Idonka na kan dodo, hannunka na aiki. Ni ranar da na koye shi na daina gumi a tafin hannu. Sai dai kada ka ɗauka zai buga maka wasan. Yawancin dabaru akwai jiran kusan daƙiƙa 1.5 tsakaninsu, makro ba ya tsallake wannan. Dannawa ɗaya, aiki ɗaya.

'Yar Tumfure: Abin da ke ja a rufe akawun shi ne manhajar waje da ke danna maɓallai kai kana can kana shan shayi. A wasan RuneScape ma haka ne, a 2011 kamfanin Jagex ya yi wa irin waɗannan sharar gaske. Duk wanda ya turo maka fayil ya ce ka sauke, ka ƙi.

Malamin Pantami: Ƙarin bayani ga masu buga Final Fantasy XIV, kada ku kwashi wannan shawarar gaba ɗaya. Can makro layi 15 yake ɗauka, yana da daɗi wajen ƙere-ƙere da sanar da tawaga, amma a faɗa yana jawo jinkiri, don ba ya shiga layin jira kamar maɓallin asali. Ga intanet ɗinmu da sai ya je Turai ya dawo.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, da guda nawa zan fara?

Ɗan Jekadafari: Biyu sun isa, na ƙaramin magani da na cire guba. Gwada su kan 'yan tawaga a ƙaramin kurkuku, wato wurin da tawaga ke shiga yaƙar dodanni a wasan, tukuna. In ya ƙi aiki, duba sunan dabarar, harafi ɗaya ya kuskure ba zai tashi ba. Turo min hoton abin da ka rubuta bayan isha'i.