Ranar da aka ce ka rubuta ko kai wane ne

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cike takardar neman tallafin karatu na Chevening, an ce in bayyana jagorancin da na taɓa yi da abin da nake so in zama. Yau kwana uku ina kallon kwamfuta. Duk layin da na fara da "ni" sai in ji muryar Baba yana cewa yabon kai jahilci. Wa ya taɓa shiga wannan hali?

Ɗan fari, Gumel: Wa alaikumus salam. Ni dai shafi biyu na cika da labarin Inna, yadda take soya ƙosai tun asuba don kuɗin JAMB ɗina, da ƙannena bakwai da ke jiran in gama. Malaminmu ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "To kai ina kake a ciki?" Wallahi ban gane tambayar ba. A ganina ai kaina na rubuta. In ka cire Inna da yaran nan, don wa zan kwana ina karatu sauro na cizona?

Ɗalibar likitanci: Yaya, Allah ya saka wa Inna. Amma ni ban ji daɗin abin kamar yadda ka ji ba. Tun ina aji uku na sakandare ake kirana Dakta a gida, har goggonnina. Ba wanda ya taɓa tambayata. Shekarata ta huɗu ke nan, ina cin jarrabawa, amma zane nake so. Ranar da wata takarda ta ce in faɗi burina, kuka na yi, don karon farko ke nan aka tambaye ni.

Mai karanta ilimin halayyar ɗan Adam: Mun yi wannan a aji. Wasu masana biyu, Markus da Kitayama, sun yi rubutu a 1991 suna kwatanta Amurka da Japan: a Amurka mutum kan ɗauki kansa tsayayye shi kaɗai, a Japan kuwa yana ganin kansa ne ta hanyar mutanensa. Malamarmu ta sa kowa ya rubuta "Ni..." sau ashirin ya ƙarasa. Na duba tawa: Musulmi, ɗan Alhaji, Bakatsine, yayan wance. Sai a layi na sha huɗu na tuna ina son ƙwallo!

Ɗan fari, Gumel: Dakta, afuwan, kin ga ni ma na kira ki haka. Kin taɓa faɗa wa Baba?

Ɗalibar likitanci: Da wane baki?

Tsohon ɗalibi, Zariya: A yajin aikin malaman jami'a na 2022 na yi wata takwas a shagon kawuna ina auna shinkafa. Da farko na ji kamar an kashe min rayuwa. Wata rana wata tsohuwa ta manta canjinta, na bi ta har bakin titi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan gidan wa ne kai?" Ba ta tambayi sunana ba. Na faɗa mata, ta sa wa mahaifina albarka. Daren nan na yi barci mai daɗi. Sai dai da aka koma makaranta, ranar da na ga sunana ni kaɗai a allon sakamako, shi ma na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Mai buɗe zance: Na gode. Na goge "mu" guda tara na mayar da su "ni". Biyu sun ƙi, na bar su. Akwai mai lokacin duba min kafin Juma'a?