Taƙaitaccen bayani kan gurabe masu sauyawa a samfuran WordPress

Ga abin da wata tattaunawa kan yadda ake saka mahaɗai a samfuran WordPress (manhajar gina shafukan intanet) ta ƙunsa.

1. An yi ittifaƙi cewa kada a rubuta adireshin shafi da hannu cikin samfuri, a yi amfani da home_url(), umarnin da ke samar da adireshin shafin, domin idan adireshin ya sauya ko aka koma https, mahaɗan za su daidaita da kansu.

2. A tace kowane mahaɗi da esc_url(), umarnin da ke cire haruffa masu haɗari daga adireshi, kafin a nuna shi.

3. Ra'ayi ya rabu kan tsarin adireshin rubuce-rubuce: wasu sun fi son %postname% (sunan rubutun) kaɗai saboda gajartarsa, masu shafukan labarai kuwa suna ƙara %year% (shekarar wallafa). A ganina masu gargaɗi kan sauya tsarin sun fi hujja, domin sauya tsarin bayan wallafa, ba tare da turawar 301 (tura mai ziyara daga tsohon adireshi zuwa sabo) ba, yana iya karya tsofaffin mahaɗai.