Guba, Ƙazanta ko Magurɓaci? Ina Neman Kalma

Jama'a, a taimaka mini, musamman malamanmu na harshe da 'yan'uwa ma'aikatan asibiti.

Makon jiya aka yi taron ƙara wa juna sani na ɗaliban digiri na biyu da na uku a tsangayarmu. Kowa ya kafe allon bincikensa. Wani ya auna ruwan da ke fita daga kamfanonin jimar fata na Challawa da Sharada a Kano, wata ta auna gyaɗa da masarar rumbu, ni kuma ƙasar tsakar gida na ɗebo ina neman dalma. Can sai wani malaminmu ya ce kowa ya faɗi bincikensa cikin minti 2 da harshen mutanen da ya shiga gidajensu ɗibar samfur. Nan bakina ya mutu. Kalma biyu na Turanci suka tokare ni: toxicology da contaminant, wato abin da ke shiga ƙasa ko ruwa ko abinci ya ɓata shi.

Ta farkon ba ta ba ni wuya ba. Ilimin guba, ko kimiyyar guba, duk wadda aka ɗauka ta zauna. Ta biyun ce ta hana ni barci.

Ga dalili. Ranar da na shiga wani gida ɗibar ƙasa, bayan gaisuwa na ce wa uwargidan, "Inna, muna duba ko akwai guba a ƙasar nan ne." Ta jingine taɓarya a jikin turmi, ta gyara goyonta, ta dube ni. "'Yar nan, wa zai zuba mana guba? Ba mu da abokin gaba a garin nan." Kuma ba ta yi kuskure ba. A kunnen Bahaushe guba tana da hannu a bayanta, tana kuma da gaggawa: a ci, a faɗi. Dafi na maciji ne da kunama da kan kibiya. Abin da nake nema kuwa ba wanda ya zuba shi da mugun nufi, ba ya wari, yana iya shekara yana taruwa a jini da ƙashin yaro.

Wanda ya tuna Zamfara a 2010 ya san abin da nake nufi. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, ana kawo duwatsun zinariya gida, a daka, a niƙa da injin niƙan hatsi. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, yara masu rarrafe suna kai hannu baki. Agwagi suka fara mutuwa ba a kula ba, sannan yara suka shiga amai da jijjiga. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura da yawan mace-macen, ƙauyen Bagega na Anka kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Iyayen nan neman abinci suke yi. Da wace kalma za ka sanar da su ba tare da sun ji ana zarginsu ba?

Tun da na fara jefa tambayar nan wasunku sun kawo shawarwari. Na ga amsoshinku, na gode ƙwarai.

Ɗan'uwan da ya ce "ƙazanta", yi haƙuri, ban karɓa ba. Gidan Innar nan a share yake fes, kwanukanta a kife. Ka ce wa matar aure akwai ƙazanta a gidanta, ka rufe wa kanka ƙofa, ka rufe wa mai zuwa bayanka.

Wani ya kawo "najasa". Ita ma tana da gidanta a fiƙihu, a bar ta can. Mun taso da sanin cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Ruwan da dalma ta shiga yana iya wuce duka ukun, garau da shi, kuma yana cutarwa. Idan muka ari kalmar za mu rikita mutane a kan tsarkinsu, lafiyarsu kuma ba mu gyara ba.

To ga abin da na tsaya a kai. Muna da aikatau "gurɓata", har a rediyo kullum ana cewa gurɓatar muhalli, gurɓataccen ruwa. Sunan abin da ke yin gurɓatawar ne babu. Hausa kuwa tana da hanyarta: buɗe ya ba mu mabuɗi, auna ya ba mu ma'auni. Gurɓata sai ya ba mu magurɓaci. Abin da ya ƙara faranta mini rai shi ne jam'in. Na kayan aiki da "-ai" yake ƙarewa, mabuɗai, ma'aunai. Na mutane da "-a", manoma, maɗinka. Ke nan dalma da sinadarin jima da ragowar maganin feshi magurɓatai ne, masu sako su cikin kogi kuwa magurɓata. Turanci sai da ya nemi kalma biyu, mu harafi ɗaya ya raba mana gardama.

Kalmar tana da wani amfanin: ba ta yanke hukuncin kisa. Tana cewa abu ya shiga inda ba wurinsa ba ne, sauran magana sai an auna. Tun ƙarni na 16 wani likita ɗan Turai mai suna Parasilsas ya kafa cewa yawan abu ne ke mai da shi guba. Sai dai dalma ta fita daban, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. A Amurka, tun 2021, maikrogiram 3.5 a desilita ɗaya ta jinin yaro ya isa a fara bincike.

Malamin da ya riga ya ji kalmar nan daga gare ni, Allah ya ƙara sani, na ga gyaranka cewa magurɓaci ta yi nauyi a baki, ba za a ji ta a bakin rijiya ba. Na yarda. A takardar bincike da labarai zan riƙe ta. A tsakar gida kuwa zan kira abu da sunansa: ƙurar dalma, ko gubar funfuna ga wadda ke fitowa a gyaɗar da aka ajiye da danshi, mai taɓa hanta. Idan ana son suna ɗaya da zai haɗa su, shawarar da wata yaya ma'aikaciyar jinya ta bayar ta fi tawa, "gubar sannu". Ta ce da ita take yi wa iyaye mata bayanin tozali da kwallin da ake samun dalma a ciki, kuma suna ganewa nan take.

Saura ɗaya. Adadin da ya shiga jiki, wanda Bature ke kira dose, awo za mu ce, ko gwargwado, ko ƙima? Ni awo ta fi kwanta mini, don mace mai awon hatsi ta san bambancin tiya da rabin tiya. Wata mai zuwa zan mayar wa Inna sakamakon ƙasar gidanta, ina son in samu kalmar kafin ranar.